Ɗan Fasto da Ya Daina Cewa Amin

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar fasto ce, uwar 'ya'ya huɗu: uku suna raye, ɗaya tana wurin Ubangiji. Tun ina budurwa nake koyar da yara a makarantar Lahadi, har yau kuma ban ajiye ba. Shaidar da zan bayar a kan ɗana na fari ce, wanda muke kira Babba a gida. Na nemi izininsa kafin in rubuta. Ya ce, "Mama, ki faɗi komai, amma kada ki sa mini a baki abin da ban ce ba." Na yi masa alkawari. Saboda haka duk mai jiran ya ji cewa yaron ya fito gaban ikilisiya yana hawaye ya tuba, ya yi haƙuri tun yanzu.

Na tashi a gidan da waƙa ke tada mu daga barci. Mahaifiyata ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma tana da Littafi Mai Tsarki tsohon juyi, na 1932, wanda bangonsa ya rabu har ta ɗinke shi da zare, da yatsa kuma take bin layi tana haɗa baƙi. Da na auri ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki, da wannan tarbiyya na shiga ɗakina. Kowace safiya mukan taru a falo. Waƙa ɗaya, sura ɗaya ana karantawa aya-aya ana zagayawa, sannan addu'a daga ƙarami zuwa babba, maigida ya rufe. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ce a koya wa 'ya'ya maganar Allah a zaune a gida, da a kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi, mu kuwa mun ɗauki abin da gaske. Babba ya haddace Zabura 23 tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Da kansa ya shiga ajin baftisma, ba wanda ya tura shi, shi ne kuma mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙan matasa.

Ƙofar gidan fasto ba ta rufuwa. Mai rikicin aure zai zo da asuba, mai neman taimakon asibiti da rana, wanda mafarki ya tsorata da tsakar dare. Ba na ƙorafi da wannan, don shi muka amsa kira. Abin da ya fi nauyi shi ne idon da ke kan yara. Ɗan kowa ya yi surutu a sujada, a ce yarinta ce. Ɗan fasto ya yi, a ce, "Ka ga ɗan fasto." Masu ƙaunarmu ne ma suka fi yin haka, su kansu ba su san suna yi ba. Ana auna wa'azin uban da halin ɗan, shi kuwa yaron ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya yarda ya ɗauki wannan kaya.

Mai bi wa Babba mace ce. Ba ta cika shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, tana kuka ba dare ba rana. Gwaji ya nuna sikila ce, wato amosanin jini. A ranar ne muka san ni da maigida dukanmu AS ne, wato muna ɗauke da irin ciwon a jininmu ko da yake ba mu da ciwon. Zamanin da muka yi aure ba mai tambayar wannan gwaji, ko fasto ko iyaye. Likita ya jawo takarda ya zana mana akwati huɗu. Ya ce in uba AS ne uwa ma AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila, kuma kada mu ɗauka tun da an haifi ɗaya sauran sun tsira, domin kowane ciki da nasa lissafin. Ya ce jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Ƙwayar mai lafiya takan yi kwana 120, tata kuwa kwana 10 zuwa 20 ta lalace, shi ya sa kullum jininta a ƙasa yake. Sanyi, zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki, kowanne yana iya tada ciwon. Muka koyi zama da wannan. Sauran biyun da suka biyo baya Allah ya sa ba su zo da shi ba.

Kada ku ɗauka yarinyar abin tausayi ce a gida. Bakinta ya fi na kowa kaifi. Takan ɗauki tabarau na babanta ta ɗora a kan hanci, ta tsaya bayan kujera ta kwaikwayi wa'azinsa, har da irin gyaran muryar da yake yi kafin ya ce "a ƙarshe", sannan ya ƙara rabin awa. Shi kansa yakan yi dariya har ya share ido.

Amma in ciwon ya tashi, gidan yakan koma wani iri. Yawanci da dare yake zuwa, sau da yawa kuma maigida yana wurin taro ko gidan rasuwa. Babba ne ke dafa ruwa. Yakan tsoma tawul ya matse, ya gwada a kuncinsa don kada ya ƙona ta, ya naɗa mata a gwiwa. Ta ce, "Yaya, ba nan ba, ƙasa kaɗan." Ya sauko. "Yaya, danna." Ya danna. In tawul ya huce ya sake tsomawa. Yana yi yana maimaita addu'ar da ya koya a bakinmu: "Yesu, ka taɓa ta. Yesu, ka taɓa ta." In abin ya fi ƙarfin gida muka tafi asibiti, shi ke zama kusa da ledar ƙarin ruwa yana kallon ɗigon, da ya ga ya tsaya sai ya ruga ya kira nas. Washegari ya tafi makaranta da jajayen idanu. Ban taɓa jin ya ce ya gaji ba.

Tana farkon sakandare aka yi taron farkaswa na haɗin gwiwar majami'u, aka gayyato wani mai wa'azi daga nesa. A daren ƙarshe ya ce a fito da marasa lafiya. Babba ne ya riƙo hannunta ya kai ta gaba. Mutumin ya ɗora mata hannu, ya ɗaga murya ya ce Ubangiji ya gaya masa daga wannan dare jininta ya koma AA, wato mara sikila, a zubar da magunguna, kada a sake kai ta asibiti. Jama'a suka ɗauki sowa. Da muka dawo gida maigida ya ce mun karɓi addu'a da godiya, amma ba za a zubar da ko ƙwaya ɗaya ba. Babba kuwa ya gaskata da dukan zuciyarsa. Ya yi azumi, ya rubuta ranar a bangon Littafinsa, ya riƙa gaya wa abokansa ƙanwarsa ta warke.

Bayan 'yan watanni ta kamu da zazzaɓi da tari, ƙirji ya riƙe, numfashi ya gagara. An yi ƙarin jini, an sa mata iskar numfashi, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ta rasu da asuba, yayanta yana riƙe da ƙafarta.

A zaman gaisuwa wata mata ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da take zaton ba a ji, "Da sun ba da gaskiya sun zubar da maganin nan, da tana nan." Babba yana bayanta yana jera kujeru. Ya ajiye wadda ke hannunsa ya shige ɗaki.

Bai ce komai ba na tsawon lokaci. Yana zuwa sujada, yana kaɗa gangarsa, sai dai na lura in an rufe addu'a bakinsa ba ya motsi. Uwa tana jin amin ɗin kowane ɗa daban, na san nasa ya ɓace. Wata safiya addu'a ta zagayo kansa, ƙannensa sun gama tasu, muka yi ta jira ido a rufe. Can ya ce, "Baba, a tsallake ni." Maigida ya buɗe ido ya ce, "Lafiya?" Ya ce, "Baba, ban san wa nake yi wa magana ba. Ko dai ba ya nan, ko yana nan ya ji ta tana kuka bai kula ba. In kuma matar nan gaskiya ta faɗa, to ya kashe ta ne don mun ba ta magani. Cikin ukun nan ba wanda zan iya ce wa amin." Auta ya fashe da kuka, don bai taɓa jin an yi irin wannan magana a gidan ba. Ni kuwa jikina ya mutu. Maigida ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan ya ce, "Na ji. Mamansu, ki yi mana addu'a." Na yi, amma ban san me na ce ba.

Ran Lahadi ya kai sandunan ganga ya miƙa wa shugaban mawaƙa. Aka zo jibin Ubangiji, tire ya iso gabansa ya miƙa wa na kusa. A ikilisiya irin wannan ba ya ɓoyuwa. Kafin wata ya ƙare magana ta zagaya. Wasu suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wasu suka ce an yi masa asiri, a kai shi kwanan addu'a a fitar masa. Wasu suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kamar ba su ne suka ba shi kyautar haddar ayoyi shekara da shekaru ba. Wasu kuma, waɗanda suka san Littafi, suka fara ambaton 1 Timoti 3:4-5, inda Bulus ya ce wanda bai iya sarrafa gidansa ba ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah, da Titus 1:6, wadda ta fi tsanani, domin ta ce dattijo ya zama mai 'ya'ya masu bi.

Maigida ba mutum ne mai kewaye aya ba. Wani dare na same shi ya rubuta takardar ajiye aiki. Na ce, "Baban yara, ka yi tunani kuwa?" Ya ce, "Shekara nawa ina auna wasu da ayoyin nan? Yau sun zo kaina sai in ce ba haka ake nufi ba?" Ya kai takardar gaban dattawa ya fito ya bar su.

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji. An yi ta ja-in-ja, har wani tsohon dattijo da ba ya yawan magana ya nemi a buɗe 1 Sama'ila. Ya ce a duba laifin Eli da kyau. 'Ya'yansa Hofni da Finehas suna ƙwace naman hadaya da ƙarfi, suna kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa, ubansu ya sani ya bar su a kan aiki, sura 3 aya 13 kuma ta ce an hukunta shi ne don bai hana su ba. Ya tambaya, "Yaron nan ya taɓa baiko? Ya lalata 'yar wani? Shi da kansa ya ajiye ganga don kada ya yi ƙarya a ɗakin Allah. Mu nawa ne a nan za mu iya haka?" Ya wuce sura 8, inda 'ya'yan Sama'ila da kansa suka zama masu cin hanci da karkatar da shari'a, Allah kuwa bai tsige Sama'ila ba. Ya tuna musu Hezekiya mai tsoron Allah shi ya haifi Manassa, mugun sarki Amon kuma shi ya haifi Yosiya. Wani ya ce, to Titus fa? Tsohon ya ce, "Ayar tana nan, ba mu goge ta ba. Amma gidan da ɗa zai gaya wa ubansa gaskiya mai ɗaci haka, kuma gobe ya durƙusa ya gaishe shi, ni a wurina gidan yana da mai shi." Suka mayar wa maigida takardarsa. Na san akwai ikilisiyoyin da za su yanke akasin haka, da Littafi a hannu su ma, ba na kuma ce musu mugaye. Namu dattawan dai haka suka gani, ba duka ne ma suka yarda ba.

A zumuntar mata kuwa, wata 'yar'uwa mai kyakkyawar niyya ta tashi ta ba da labarin Suzana Wesley, tana satar kallona. Labarin da kowace matar fasto ta sha ji ne: matar limamin Epworth a Ingila, ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu suka mutu suna jarirai, ta keɓe wa kowane ɗa lokacinsa a mako don ta zauna da shi shi kaɗai, daren Alhamis na John ne, daga gidanta kuma John da Charles suka fito suka girgiza Ingila da bishara. Duk gaskiya ne, ina kuma girmama matar. Sai dai masu ba da labarin a nan suke tsayawa. A wannan gidan dai aka yi Hetty, mai kaifin basira, wadda ta gudu da wani saurayi ta dawo da ciki, aka aurar da ita ga mutumin da ba ta so, ubanta ya juya mata baya. Uwa ɗaya, tarbiyya ɗaya, lokaci ɗaya a mako. Ba a kawo sunan Hetty a taron mata, domin yana ɓata lissafin da muke so: ki yi kaza da kaza, ɗanki ya fito haka. Na yi imani da Karin Magana 22:6, ina koyar da ita, amma na ga yadda ake mayar da ita bulalar dukan iyayen da zuciyarsu ta riga ta karye.

Wadda ta fi taimakona ita ce Monika, mahaifiyar Agustin babban malamin ikilisiya na dā, mutuniyar Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. An haifi ɗanta a 354. Ya tafi karatu ya dawo ya shiga ɗarikar Mani, wani addini dabam da na mahaifiyarsa, ya yi kusan shekara 9 a ciki, yana da ɗa ba aure. Da farko ta hana shi zama a gidanta, daga baya ta buɗe masa ƙofa. Ta je wurin wani bishop ta roƙe shi ya zauna da yaron ya kayar da shi a muhawara. Bishop ya ƙi. Ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, ta ƙyale shi ta yi ta yi masa addu'a. Da ta matsa da kuka, ya sallame ta da cewa ɗan da aka zubar wa irin wannan hawaye ba zai hallaka ba. Bayan haka ma yaron ya yaudare ta, ya bar ta a bakin teku tana addu'a ya shiga jirgi zuwa Roma. Sai a 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan, yana da shekara 32, a shekarar kuma ta rasu. Mutane suna son ƙarshen labarin. Ni tsakiyarsa na riƙe, wato ƙofar da ta buɗe, da bishop ɗin da ya ƙi yin gardama. Ba a yi mini alkawarin ƙarshe irin nata ba.

Muka zauna da Babba muka yi magana a fili. Maigida ya ce masa gidan nan gidansa ne, ba abin da zai canza wannan. Ba za a tilasta masa addu'a ko jibi ba, ba kuma za a kai shi wurin kowa a ɗora masa hannu da ƙarfi ba. Abu biyu aka nema: ya riƙa zama tare da mu da safe ko da bai buɗe baki ba, domin taron iyali ne, kuma kada ya yi wa bangaskiyar ƙannensa ba'a. In suna da tambaya su yi, shi ma ya yi. Ya ce ya yarda, bai kuma taɓa saɓawa ba.

Uban da ɗan suka fara fita yawo da yamma. Na zaci wa'azi ake yi masa a hanya, sai da na tambaya. Babba ya ce, "Mama, ni ke tambaya, shi kuma rabin amsarsa 'ban sani ba' ce." Ya ce ya tambaye shi dalilin da ya sa Allah bai warkar da ita ba, uban ya ce bai sani ba, shi ma yana tambaya. Ya tambaye shi ko mai wa'azin nan ƙarya ya yi, uban ya ce, "Ya faɗi abin da Allah bai ce ba, ni kuma ina zaune a kan bagade." A ganina wannan ne ya riƙe zumuncinsu. Yaron ya gaji da mutanen da ke da amsar komai.

Wa'azin maigida ya canza daga lokacin. Ya yi jerin koyarwa a kan addu'ar da ba a amsa yadda aka roƙa ba. Ya ɗauki Daniyel 3, inda samarin nan uku suka ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Ya ɗauki ƙayar da ke jikin Bulus a 2 Korintiyawa 12, wadda ya roƙa sau uku a cire ba a cire ba. Ya nuna cewa Bulus ɗin da ya warkar da mutane shi ne ya rubuta a 2 Timoti 4:20 cewa ya bar abokin tafiyarsa da rashin lafiya a Militas, shi ne kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ya karanta ƙarshen Ibraniyawa 11, sashen da ba a cika karantawa ba, na waɗanda aka jejjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, duk kuma an yaba bangaskiyarsu. Sannan dattawa suka kafa doka: ana addu'a domin marasa lafiya kowane mako, ana shafa mai kamar yadda Yakubu 5 ta ce, amma ba baƙo ba ɗan gida, ba mai hawa bagaden nan ya ce wa mara lafiya ya zubar da magani. Wasu iyalai suka bar mu suka ce wutar Ruhu ta mutu a wurinmu. Mun yi kewarsu, har yau muna gaisawa.

Ni ma ajina ya canza. Yara suna da tambayoyin da suke haɗiyewa don sun ga fuskar malama. Yanzu ina da akwati a bakin ƙofa, kowa ya rubuta tambayarsa ba suna ya jefa. Abin da ke fitowa daga ciki zai ba iyayensu mamaki: me ya sa Baba yake dukan Mama alhali shi dikon ne, ina ƙanina da ya mutu yake, in na yi shakka zan shiga wuta? Manyan ajin ina karanta musu Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba, Ruhu Mai Tsarki kuma ya bar ta a cikin Littafi. Ina nuna musu Toma, wanda ya ce ba zai gaskata ba, amma bayan kwana takwas yana nan cikin almajirai, ba wanda ya kore shi. Ina nuna musu Yahaya 7:5, inda aka ce ko 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba. A gidan Maryamu ke nan. Ɗaya daga cikinsu, Yakubu, shi ne daga baya ya shugabanci ikilisiyar Urushalima. Yahuza aya 22 ta ce a ji tausayin masu shakka, ban kuma taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba kafin abin ya zo gidana.

Wani abu kuma da ban zata ba: iyaye suka fara zuwa wurina a ɓoye. Matar dattijo, matar mai bishara, shugabar mawaƙa. Kowacce tana da ɗa ko 'ya da ta ja da baya, kowacce ta yi shekaru tana cewa "yana makaranta" ko "aiki ya yi masa yawa" in an tambaya. Tun da nawa ya fito fili, sun sami inda za su faɗa. Mukan haɗu mu yi addu'a, muna kiran 'ya'yan da sunayensu, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a nan yake tsayawa.

Babba ya karanci aikin gwaje-gwajen asibiti, yanzu a ɗakin gwajin jini yake aiki. Har yau bai koma cin jibi ba. In ya zo gida yakan zauna da mu da safe, yakan karanta ayarsa in karatu ya zagayo kansa, in an zo addu'a a tsallake shi. Na tambaye shi kwanan baya inda yake tsaye. Ya ce, "Mama, ban ce babu ba, ban ce akwai ba. Fushin dai ya ragu." Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma a nan zan tsaya. 'Yarmu ta uku tana koyarwa tare da ni a makarantar Lahadi. Auta ne ya gaji gangar.

Babba ne ya kawo shawarar a riƙa yi wa matasan ikilisiya gwajin jini tun kafin soyayya ta yi nisa. Lokaci-lokaci yakan zo da abokan aikinsa su kafa tebur a harabar majami'a bayan sujada, ya tsaya gaban allo ya zana akwati huɗun nan ya yi bayani. Matasa suna saurarensa fiye da yadda suke sauraren mu, don sun san ba ya yi musu kwana-kwana.

A kan wannan ne ma yanzu suke takun saƙa da babansa. Akwai saurayi da budurwa a cikin mawaƙa da suka daɗe suna neman juna, gwaji ya nuna dukansu AS ne, sun kuma ce sun ji sun gani. Babba ya ce, "Baba, kada ka ɗaura auren nan. In ka ɗaura, da hannunka a cikin abin da zai biyo baya." Uban ya ce ba shi da ikon haramta abin da Littafi bai haramta ba, aikinsa ya gaya musu gaskiya duka, ba ragi, su yanke da idonsu a buɗe. Babba ya ce, "Su ne za su yanke, amma ba su ne za su sha ciwon ba." Uban ya yi shiru, sannan ya ce, "Da an hana ni auren mamanka, da babu kai, da ita ma ba a yi ta ba. Ka tambayi kanka ko za ta zaɓi haka." Babba ya ce, "Na tambaye ta, Baba. Amsarta ta dare daban, ta rana daban."

Ni zuciyata ta fi karkata ga ɗana a wannan, na kuma gaya wa maigida haka. Ya ce ya ji, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Dattawa za su zauna a kan maganar a taronsu na wata mai zuwa. Kafin nan yaran biyu sun nemi su zo su gan ni a gida, na ce su zo ran Asabar, na kuma ce wa Babba ya zo ya zauna da mu. Ya ce zai zo, da sharaɗin ba zan katse shi ba in ya fara gaya musu yadda dare yake a gidan mai sikila.